Ulu a Bazara

An ba da hutu ran Alhamis.
Na kulle alli da rajista a durowa,
na bi ta Kasuwar Barci
na sayo ulu dunƙule huɗu,
biyu ruwan ƙwai, biyu ruwan toka.
Mai shagon ya dube ni, ya leƙa rana,
ya ce, "Malama, suwaita a wannan zafin?"
Na ce, "Mai kwarmin ido
da wuri yake fara kuka."

Ga ni a barandar gidan haya a Barnawa,
fanka ta mutu tun hantsi,
zare na manne wa yatsu kamar danƙo.
Mangwaron maƙwabta ya faɗo kan kwano,
na zabura, ƙirga ta zube,
sai in koma farkon layi.
Jaririn da nake wa rigar
ko sunansa ba a raɗa ba.
Yana cikin Zigwai, 'yar ɗakin kusa da namu,
sai tsakiyar damina ake sa ransa.
Na auna ƙirjinsa da tafin hannuna,
na ƙara yatsa biyu don albarka.

Ubana shekara goma sha tara
ya yi wa injin saƙa tsaro a Kakuri.
Da aka rufe ƙofa ya dawo gida
da auduga a gashin gira
da kunne guda da ba ya ji.
Ni tawa masaƙar tsinke biyu ce,
ba jiniya, ba manaja,
ba mai sallamata sai barci.

Jajibirin Ista uwar Zigwai ta ƙwanƙwasa,
ta zo aron rariya, ta zauna har azahar.
Muka fasa ƙwai goma sha biyu,
ɗaya ya yi bara-gurbi, muka yi waje da gudu.
Ita tana bugun bota da sukari,
ni ina shafe gwangwanayen madara da mai.
Tandata tsohuwar tukunyar Inna ce,
yashin kogin Kaduna a gindinta,
gawayi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Zubin farko ya tashi kamar kumatun yaro.
Na biyu na ce bari in ƙara layi ɗaya,
layi ɗaya ya haifi biyar,
sai ƙauri ya zo ya yi mini sallama.
Mudan ya kankare baƙin da cokali,
ya ce shi dama ɓawon yake so.
Ƙarya yake, ɗan albarka.

Lahadi suka dawo coci da sabon ɗinki,
aka aiko mana shinkafa da cinyar kaza
a kwanon nan mai murfi shuɗi.
Tun ƙaramar Salla yake zirga-zirga,
ya je da cincin, ya dawo da miya,
har mun daina tambayar ko na wane ne.

Daren Talata iska ta juya.
Hadari ya haɗo ta gabas,
ya yi ta cika baki, ya zubo ɗigo kaɗan,
iya abin da zai tayar da ƙamshin ƙasa.
Na ɗaga saƙar a hasken tocila,
sai ga rami, layi tara a baya,
ɗan ƙarami, kamar gurbin ƙwayar gero.
Daidai inda kek ya ƙone.

Na riƙe bakin zaren zan warware.
Na daɗe a haka.
Sai na ce a bar wa yaron taga,
garin nan ba ya rabo da zafi.

Litinin za a koma aji.
Fulawa saura rabin mudu,
rigar saura hannun hagu.
Na soke tsinkayen a dunƙulen toka,
na je neman inda na ajiye makullin durowa.